Borin Jini: Alamominsa da Yadda Ake Gane Mai Haɗari

Gyaɗa abinci ce mai gina jiki, fenisilin kuwa magani ne da ya ceci rayukan da ba su ƙidayuwa. Duk da haka akwai mutumin da zai ci ƙuli-ƙuli guda ɗaya leɓɓansa su kumbura, akwai kuma wanda za a yi wa allurar fenisilin ya yanke jiki ya faɗi tun bai fita daga ɗakin shan magani ba. Abincin bai lalace ba, maganin kuma ba jabu ba ne, domin waɗansu sun ci sun sha sun tashi lafiya lau. Jikin wannan mutum ne kaɗai ya ƙi abin. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira borin jini, likitoci kuma suna ce masa alaji.

Galibin borin jini ba ya wuce ƙaiƙayi da atishawa, ya yi kwana ɗaya ko biyu ya lafa. Amma akwai irinsa wanda ke iya kashe ƙaton mutum mai cikakkiyar lafiya kafin a gama neman mota. Da yake dukansu biyu sau da yawa da ƙaiƙayi suke farawa, wajibi ne ko wane magidanci, da uwa, da malamin makaranta, da mai sayar da magani su san alamomin da ke raba su.

Yadda abin yake faruwa

Jikin ɗan Adam yana da garkuwa wadda aikinta shi ne ta gane baƙon abu mai cutarwa, kamar ƙwayoyin cuta da tsutsotsin ciki, ta yaƙe shi. A jikin waɗansu mutane garkuwar nan takan yi kuskure, ta ɗauki abin da ba shi da lahani, kamar ƙwai ko ƙurar ɗaki, a matsayin abokin gaba. Ran da aka fara haɗuwa ba a ganin kome. Sai dai jiki ya ƙera wani makami na musamman wanda masana ke kira IgE, ya liƙa shi a kan waɗansu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata, da hanci, da huhu, da hanji. Idan abin ya sake shigowa, sai ƙwayoyin nan su fashe da sinadarai, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne histamin. Histamin ne ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini har ruwa ya tsiyaye cikin nama, wurin ya kumbura. Shi ne ke tayar da ƙaiƙayi, ya ƙara majina, ya kuma matse hanyoyin iska na cikin huhu.

Daga nan za a gane abin da ke ɗaure wa mutane kai, watau a ce wane ya sha maganin nan bara lafiya ƙalau, yaya bana zai yi masa illa? Shan bara shi ne ya shirya jikin. Waɗansu masana biyu na ƙasar Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su suka fara tabbatar da haka a 1902. Sun yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku da niyyar jikinsu ya saba da shi, sai suka ga karen da ya jure ta farko ya mutu nan take da aka ba shi ɗan kaɗan bayan 'yan makonni. Saboda wannan bincike aka ba Richet lambar Nobel a 1913. Kalmar alaji kuwa wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro ta a 1906, makamin IgE kuma ba a gano shi ba sai tsakanin 1966 da 1967.

Borin jini ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai shi ko ware masa kwano. Yana bin jini dai: ɗan da iyayensa ke da fuka ko kirci ya fi sauran yara saurin kamuwa, ko da yake ba lalle abin da ke tayar wa uba shi zai tayar wa ɗa ba.

Alamomi a fata

A fata aka fi ganinsa. Jiki yakan yi ruɗu-ruɗu kamar an zane mutum da tsumagiya, ko kamar cizon sauro masu faɗi da suka haɗe da juna, ga ƙaiƙayi mai hana zama. Abin da ke bambanta wannan da sauran ƙuraje shi ne ba ya zama wuri guda: tudun da ya fito a hannu da safe yakan baje kafin a kwana, bai bar tabo ba, wani kuma ya fito a baya ko cinya. Ƙyanda tana zuwa da zazzaɓi da tari, ƙazuwa takan zauna tsakanin yatsu ta yi makonni, amma ko wane tudu na borin jini ba ya wuce sa'o'i 24.

A nan akwai abin lura ga mutanenmu. Littattafan likitanci da yawa suna cewa fata takan yi ja, domin a kan fatar Turawa aka rubuta su. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, wani lokaci ma ba a ganinsa sam. Wanda ya tsaya jiran ya ga ja zai makara. Abin dubawa shi ne tudun, da ɗumin wurin idan an shafa, da yadda mutum ke susa.

Wani lokaci kumburin yakan shiga can ƙarƙashin fata, musamman inda nama ke da taushi. Fatar ido ta kumbura har ido ya rufe, leɓe ya yi suntum, ko hannu, ko al'aura. Irin wannan bai cika ƙaiƙayi ba, sai dai nauyi da ɗaurewa. Muddin a leɓe ko ido ya tsaya, da sauƙi. In ya kai ga harshe ko maƙogwaro, magana ta canja, kamar yadda za a gani a gaba.

Akwai kuma wanda ba ya fitowa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma daidai inda abin ya taɓa fata. Mace ta sa 'yan kunne ko sarƙa ta ƙarfe mai arha, kunne ko wuya ya yi ƙuraje masu ruwa. Birkila ya daɗe yana kwaɓa siminti, hannuwansa su tsattsage. Ma'aikaciyar jinya ta sa safar hannu ta roba, bayan hannunta ya ɗauki ƙaiƙayi. Na baya-bayan nan da ya yawaita shi ne baƙin lalle wanda ake haɗawa da rinin gashi don ya yi saurin kamawa. Zanen yakan tashi ya yi bororo daidai yadda aka zana shi, har ya bar tabo, daga nan kuma mai yiwuwa ne matar ba za ta ƙara iya shafa rinin gashi ba tare da kanta da fuskarta sun kumbura ba. Jan lalle na gargajiya bai cika yin haka ba. Siffar ƙurajen ita ke tona asirin mai laifi: in sun zagaye wuyan hannu, a dubi agogo ko awarwaro.

Hanci, ido da ƙirji

Mutum ya tashi da safe ya jera atishawa goma, hanci na zubar da ruwa fari tas, cikin hanci da dasashi na sama suna ƙaiƙayi, ido na hawaye, amma babu zazzaɓi, babu ciwon gaɓoɓi. Mura ta gaske takan wuce cikin mako guda ko kwana goma. Wadda ta zarce haka, ko take dawowa duk lokacin da aka share ɗaki, ko aka kakkaɓe katifa, ko aka shiga sussuka da sheƙa, to, alaji ce. Abubuwan da suka fi tayar da ita su ne waɗansu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da matashin kai, da kashin kyankyaso, da fumfuna a ɗaki mai laima, da gashin kyanwa, da garin furanni irin bununin gero da dawa. Ƙurar hunturu da hayaƙin itace da turaren wuta suna ƙara tsananta ta.

Yara da yawa a ƙasashe masu zafi suna fama da wani irin ƙaiƙayin ido mai naci, har farin idon ya rine ya yi ruwan ƙasa. Iyaye kan sayi maganin ɗigawa a kanti su yi ta zubawa wata da watanni, da yake yana kawo sauƙi nan da nan. Waɗansu magungunan nan suna ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda in aka daɗe ana ɗiga shi ba da kulawar likita ba yana iya jawo hawan jinin ido ko yana, har a rasa gani. Likitan ido ne ya kamata ya duba irin wannan yaro.

In abin ya sauka ƙirji, shi ne fuka, watau asma: tari busasshe wanda ya fi tashi da dare ko da asuba, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar usur. Mai fuka da ya kasa ƙarasa magana ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, ko ya shaƙi maganinsa bai ji sauƙi ba, asibiti ya kamace shi a wannan sa'a.

Baki da ciki

Alajin abinci yakan nuna kansa daga 'yan mintoci zuwa sa'o'i 2 bayan ci. Baki da harshe su yi ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura, sa'an nan tashin zuciya, amai, murɗawar ciki ko gudawa, sau da yawa tare da ruɗu-ruɗu a jiki. Abincin da aka fi samu da wannan su ne madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, kifi, jatan lande da ƙaguwa, riɗi, alkama da waken suya. Wahalar ita ce ba kullum ake ganinsu a fili ba. Akwai ƙuli-ƙuli a yajin tsire da kilishi, akwai gyaɗa a miyar taushe, a kudancin ƙasar nan kuwa da wuya a dafa miya ba a zuba dakakken busasshen jatan lande ba. Matafiyi mai wannan lalura ya tambaya kafin ya sa hannu, kada kunya ta hana shi.

Ba ko wane ɓacin ciki ne alaji ba. Wanda ya sha madara cikinsa ya kumbura da iska ya yi ƙugi, ba ƙaiƙayi ba kumburin leɓe, galibi hanjinsa ne ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, wannan kuwa yana da takura amma ba ya kisa. In kuma mutum biyar suka ci daga kwano ɗaya dukansu suka kama amai, abincin ne ya lalace.

Babban bori

Wannan shi ne wanda likitoci ke kira anafilaksis, kuma dominsa aka fi buga wannan ɗan littafi. A nan sinadaran ba su tsaya a wuri ɗaya ba, sun watsu ko'ina cikin jiki a lokaci guda. Abubuwan da suka fi kawo shi uku ne: abinci, harbin zuma ko rina ko zirnaƙo, da magani, musamman na allura. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2000 kan mutanen da abin ya kashe ya nuna cewa, a tsaka-tsaki, numfashi ko zuciya sun tsaya bayan minti 30 in abinci ne, minti 15 in harbin ƙwaro ne, minti 5 kacal in magani ne aka yi wa mutum a asibiti.

Yakan fara da jin ɗumi a jiki, da ƙaiƙayi a tafin hannu, tafin ƙafa ko fatar kai. Mutum ya rikice, ya ce shi dai yana jin wani mugun abu zai same shi. Kada a ɗauki wannan magana da wasa. Daga nan alamomin haɗari sukan biyo ta hanya uku, ɗaya daga ciki kuwa ta isa. Ta maƙogwaro: harshe ya kumbura, murya ta dushe, haɗiyar yawu ta gagara har ya dalala, jan numfashi ya riƙa ƙara kamar minshari. Ta ƙirji: tari ba ƙaƙƙautawa, haki, kukan usur, harshe da dasashi su yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Ta jini: jiri, gumi mai sanyi, tafin hannu ya yi fari, bugun jijiya ya yi sauri amma ba ƙarfi, mutum ya ruɗe ko ya suma. Jariri ba zai faɗa ba, sai dai a ga ya yi laƙwas, ya yi ta amai, kukansa ya canja, ko barci ya ɗauke shi ba lokacinsa ba. Wanda zuma ta harba kuwa ya kama amai da murɗawar ciki, shi ma yana cikin haɗari, ko da numfashinsa bai taɓu ba tukuna.

Abu biyu ke yaudarar jama'a. Na farko, waɗansu masu babban bori ba sa yin ruɗu-ruɗu ko kaɗan, sai dai a ga mutum ya faɗi. Na biyu, sauƙin borin da ya wuce ba ya nuna yadda na gaba zai zo. Wanda bara leɓensa kawai ya kumbura, bana maƙogwaronsa na iya toshewa, balle in yana da fuka. A ɗaya gefen kuma, hannun da zuma ta harba ya kumbura har gwiwa ya yi kwana biyu ko uku, in dai a nan ya tsaya, ba shi ne babban bori ba.

Abin da za a yi

A raba mutum da abin da ya jawo: a tsayar da allura ko ƙarin ruwan, a kankare ƙarin zumar da ya maƙale a fata. A kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa sama. In numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya zauna ƙafafu a miƙe. Mai ciki ta kwanta a gefen hagu. Wanda ya suma amma yana numfashi a juya shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a tayar da shi tsaye ko a sa shi ya taka zuwa mota, ko da ya ce ya ji dama, domin jini ya riga ya yi ƙasa, miƙewa farat ɗaya na iya tsayar da zuciya. A ɗauke shi a kwance. A aika neman mota tun daga alamar farko, inda kuma layin gaggawa na 112 ke aiki a buga.

Maganin babban bori guda ɗaya ne, shi ne allurar adirenalin a tsokar cinya ta gefen waje. Babba akan yi masa rabin miligiram, a maimaita bayan minti 5 in bai farfaɗo ba, yara kuwa gwargwadon shekarunsu. Allura ce mai arha, kuma bai kamata a sami wurin da ake yi wa mutane allura babu ita a kusa ba. Ƙwayar Piriton da danginta suna kashe ƙaiƙayi, amma ba sa buɗe maƙogwaro, ba sa kuma tayar da jinin da ya faɗi. Manja da madara da jiƙo da akan ɗura wa mutum da nufin karya dafi ba su da wani amfani a nan, wanda maƙogwaronsa ya kumbura ma suna iya sarƙe shi. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a kan hanya.

Bayan ya farfaɗo kada a yi gaggawar komawa gida. Borin yakan sake tashi ga waɗansu bayan sa'o'i ba tare da sun sake haɗuwa da abin ba, shi ya sa likita kan riƙe mutum ya kula da shi, wani lokaci har ya kwana. Saboda irin wannan dalili ne kuma ake cewa a zauna minti 15 bayan allurar rigakafi. Babban bori daga rigakafi abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, kamar sau ɗaya cikin allura miliyan guda, in ma ya auku a gaban ma'aikatan lafiya ana shawo kansa.

Borin magani mai zuwa a makare

Akwai wani mai haɗari wanda ba ya zuwa da gaggawa, saboda haka ba a cika danganta shi da maganin ba. Bayan kwana 4 zuwa mako 4 da fara shan magani, sai zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da zafin ido su taso kamar mura. Sa'an nan fata ta yi zafi in an taɓa, baki da leɓɓa da al'aura su yi gyambo, fata ta yi bororo ta saɓule kamar ƙuna. Ba ya yawan faruwa, amma an fi ganinsa da magungunan dangin salfa irin su Septrin da Fansidar, da waɗansu magungunan farfaɗiya, da nebirafin. Kuskuren da akan yi shi ne a ɗauka zazzaɓin ne bai warke ba, a ƙara shan maganin. Duk wanda ke shan sabon magani ya ga ƙuraje tare da zazzaɓi ko gyambon baki, a kai shi asibiti a ranar, da kwalin maganin a hannu, kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya kafin likita ya gan shi.

Manya za su tuna ƙaiƙayin kulorokwin, wanda ke hana barci kwana biyu ko uku, a zamanin da shi ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, kafin a sauya shi a Nijeriya a 2005. Wannan ba alaji ba ne na sosai, domin ba ya zuwa da kumburi ko sarƙewar numfashi. Haka nan mutane da dama da ke cewa fenisilin ba ya karɓarsu, in aka gwada su akan tarar fiye da 9 cikin 10 suna iya shansa lafiya. Amma wannan gwaji aikin likita ne a asibiti, kada kowa ya gwada kansa a gida.

Bayan an warke

Wanda ya taɓa yin bori ya zauna ya tuna abin da ya ci, ya sha, ya shafa ko ya taɓa kafin abin ya tashi, da tsawon lokacin da ya ɗauka, a rubuta. Wannan labari ya fi ko wane gwaji taimakon likita, ko da yake manyan asibitoci suna yin gwajin fata da na jini don tabbatarwa. Ruɗu-ruɗun da ya wuce mako 6 yana zuwa yana komawa kuwa, galibi ba abinci ne ke kawo shi ba, kuma hana mai shi nama da ƙwai da kifi ba ya ƙara masa kome sai rama. Yara da yawa sukan rabu da alajin madara da ƙwai in sun girma, na gyaɗa da na jatan lande ne suka fi zama har tsufa. Kada kuma tsoro ya sa uwa ta hana lafiyayyen jariri kunun gyaɗa bayan ya kai wata 6: binciken da aka yi a Ingila, aka buga a 2015, ya nuna cewa fara ba yara gyaɗa da wuri yana rage kamuwa da alajinta da kusan kashi 80 cikin 100. Jaririn da ke da kirci mai tsanani ne kawai, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa, za a fara nuna wa likita.

In magani ne ya jawo, ma'aikacin lafiya ya cike takardar rahoton illar magani ya aika wa hukumar NAFDAC, wadda ke tattara irin wannan bayani daga ko'ina cikin ƙasa. Shi kuma mai abin ya sa a rubuta masa ainihin sunan maganin a kati, domin magani ɗaya yakan zo da sunayen kamfanoni daban-daban. Ya riƙa yawo da katin a aljihu, ya nuna shi ga likita, da mai cire haƙori, da mai kantin magani tun kafin su tambaya. Matarsa ko mijinta, da malamin makarantar yaro, da abokan aiki, su ma su san sunan, domin ran da ya suma su za a tambaya.